Ranar da Na Shanya Kwamfuta

Ni dai ajina biyu a lakol, makarantar boko, amma duk Cadakori an san ni da gyaran rediyo. Sirrina ɗaya ne: in murya ta ɗauke, a fitar da pil, wato batir, a shanya a rana.

Lokacin da sojoji suka ce za su mayar da mulki, surukina ya tsaya takarar konseye, wato kansila. Waƙar kamfen ɗinsa tana cikin kwamfutarsa. A Maraɗi aka sa mata sabon tsari, ta dawo da hotuna masu kyau, amma bebiya. Ga taro da la'asar, ranar kasuwa.

Na ce, "Kawo nan. Sanyin ofis ne ya kama ta."

Ya ce, "Baba, anya?" Amma wa ke musu da uban matarsa?

Na buɗe ta, na ɗora bisa kwanon rumfa tun hantsi, na zauna ina ba jama'a labarin rediyoyin da na tayar. Bayan azahar na sauko da ita da tsumma. Madannanta sun lanƙwashe kamar kilishi. Da can ba ta magana, yanzu ko ido ba ta buɗewa.

Surukina ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Da bakinsa ya rera waƙar a taron, ya kuma faɗi zaɓe.

Har yau in matata za ta shanya kuɓewa, sai ta leƙo ta ce, "Malam, akwai wuri a rumfa, ko kana da gyara?"