Ranar da Inna ta amsa

Ba zan taɓa mantawa ba da kwana na huɗu da haihuwar 'yata ta uku, don har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, muna zaune a Kwanar Dangora, inda maigidana ya kafa keken ɗinkinsa a bakin hanyar Zariya. Mahaifiyarsa, Inna, tana can Bebeji, ta aiko cewa sai ana gobe suna za ta zo.

Rigimarmu a kan suna ce. Shi Malam ya ƙulla tun ina da ciki cewa in mace ce, sunan Inna za a sa. Ni kuwa na riga na ɗauko wani suna a bakin wata maƙwabciyarmu da ta yi shekaru a Sudan a hanyar Makka: Munira. Duk yankinmu babu mai shi. Wata biyu ina juya shi a bakina ina daka (har na fara jin kaina wata wayayya, ni da ban taɓa wuce Kiru ba).

Ran nan da hantsi ya shigo da ƙyallen rigar jaririya, na sake tayar da maganar.

Ya ce, "Wannan sunan naki ko liman sai ya nemi a maimaita masa. Me sunan Inna ya yi miki?"

Na ce, "Malam, ka san ba na iya faɗin sunan surukata. To yaya zan yi da 'yar da na haifa? In ta yi ɓarna da me zan kira ta?"

Da a nan na tsaya, da na ci nasara. Amma bakina bai san ya ci nasara ba. Ina jin motsi a bayan ɗaki, wajen tukunyar ruwan wankan jego, na ɗauka maƙwabciyata ce ke iza wuta, har ma na ƙara murya don ta ji yadda nake kayar da Malam. Na gyara zama, na riƙe ƙugu, na ce bari in nuna masa yadda abin zai kasance.

"Hansatu, sauko daga kan rumbun nan! Hansatu, wa ya tsoma hannu a miya? Hansatu mai majina, zo nan in ci ƙaniyarki!"

Sai wata murya daga bayan ɗaki, a natse, ta ce, "Na'am."

Inna ce. Motar gyaɗa ta samu da sassafe, ashe. Ta yi sallama muna tsakiyar musu ba mu ji ba, ta ga wuta na neman mutuwa, ta ajiye ƙunshin kanwa da daddawarta ta zauna gyarawa.

Malam ya tuna yana da ɗinkin gaggawa (mutumin da ya bar takalminsa ɗaya a ƙofar ɗaki). Ni kuwa na ja zane na rufe kaina ruf, na bar jaririya a fili, kamar ita ta yi maganar.

Inna ta leƙo ta ce, "'Yar nan, ruwa ya yi. Taso."

Ita ta yi mini wankan ranar. Tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya, ni ko na miƙa mata bayan, don a ganina kowane fyaɗi na cancanta. Sai da ta kusa gamawa na ji kafaɗarta na rawa. Dariya take.

Ta ce, "Kin san rabon da wani ya kira ni da sunan nan tun rasuwar gyatumata? Kowa Inna, Inna. Ita ma haka take haɗawa da majinar."

Na fara ba da haƙuri cikin kuka, ta ce in rufe baki kada iska ta shige ni.

Ita ta raba gardamar da yamma. Ta sa aka kirawo ɗanta, ta ce a yanka rago da Hansatu, a gida kuma a riƙa kiran yarinya da sunan Sudan ɗin, "tunda uwarta ba ta iya faɗin nawa." Ta ɗan dube ni ta gefen ido, ta ƙara da cewa, "Ko da yake na ji bakin ya iya."

Haka aka yi. Sai dai Inna ba ta taɓa iya faɗin Munira ba, Manira take cewa, gari duka ya bi ta. Yarinyar ta girma, ta yi aure a Tudun Wada, har jikokinta Manira suka sani. Ni da Inna kuwa muka shaƙu har ta koma ga Allah, ba ta taɓa ba kowa labarin ba. Ni ce dai bakina ya kasa riƙewa.

Tun daga ranar, in gardama ta fara yi mini daɗi, nakan ce wa Malam ya dakata, in zaga bayan ɗaki in ga mai iza wuta tukuna.