Darakta a Gaban Giwa

Wannan shi ne labarin Mai Girma Darakta mai ritaya, ɗan Babban Akawu, jikan Ma'aunin Hatsi, wanda aka ce shi kuma ɗan maharbi ne, ko da yake har yau ba a sami wanda ya ga bakan ba. Allah ya hore masa sanin daji ciki da bai, domin babu shirin namun dawa da ya taɓa wuce shi a talabijin.

Wata rana surukinsa, mijin 'yarsa, ya yi suɓul da baka ya ce yana tsoron kwanan daji. Nan take Darakta ya rantse a gaban iyali cewa zai koya wa yaron jarumta. Aka ɗaure tanti a kan mota, tare da kujerarsa ta ofis mai juyawa, aka kama hanyar gandun namun daji, shi da uwargida da surukin.

Hanya ta ratsa duwatsu da ƙoramu. Darakta ya duba su ta bayan gilashi, ya ce ba laifi, an tsara su da kyau. Da aka ya da zango a bakin kogi, ya hau kujera yana ba da umarni, suruki yana fama da turaku. Abu ɗaya ya ɓata masa rai: an san da zuwansa, amma ko barewa ba ta fito tarba ba.

Washegari suna yawo a mota suka iske giwa da ɗanta a tsakiyar hanya. Uwargida da suruki suka sauka daga nesa suna ɗaukar hoto.

"Tun da na zama Darakta," in ji shi, "ban taɓa jiran wani a hanya ba."

Ya danna hon. Giwa ta baza kunnuwa, ta juyo. Masu iya magana sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Darakta ya kulle ƙofofi, ya sa giyar baya, sai ƙura. Suruki ya ajiye kunya, ya finciki hannun surukarsa zuwa bayan dutse, har giwa ta huce ta wuce.

A ƙasa suka tako har ƙofar gandun. Can suka same shi yana shan shayi.

"Maigida," in ji uwargida, takalminta a hannu, "don me ka tafi ka bar mu?"

Darakta ya gyara zaman hula.

"Haba, ke kuwa! In ina kusa da shi, yaushe yaron nan zai koya?"