Ranar da Saja Haladu Ya Karɓe Mulkin Famfo

A duk unguwar Sabo babu wanda ya san aikin soja kamar Saja Haladu. Shekara ashirin ya yi yana kai wa matan sojoji a bariki albasa daga kasuwar Bodija, kuma sau biyu wani kanar ya ɗaga masa hannu daga cikin mota. Muƙamin Saja shi ya ba kansa. Mu kuma ba marowata ba ne, muka bar masa.

Famfon burtsatse ɗaya ne a layinmu, sai an kawo wuta yake zuba. Shi ya sa kowace mace ke ajiye jarkarta a layi ta koma harkarta, in ruwa ya zo wadda ke kusa ta cika wa kowa. Da haka Ashatu mai abinci ke rayuwa. Jarkoki shida ke tsaya mata tana gaban murhu, don in ba ta sauke tukunya kafin azahar ba, 'yan okada sai su tsallaka rumfar Iya Muhibbat, wadda ke da rijiya a gida.

Ran Talata mata biyu suka yi cacar baki a kan jarka. Nan da nan suka shirya har da tafawa, amma labari ya riga ya kai kunnen Saja. Sai ga shi da usur a wuya.

"Jama'a, farar hula ta gaza! Daga yanzu dokar soja ce. Ma'anarta, na dakatar da kwamitin famfo, ni ne kwamiti, ni ne kotu. Amfaninta kuwa zaman lafiya. Ba jarkar da za ta ƙara tsaya wa mutum. Mai son ruwa ya tsaya da ƙafarsa. Oya, a miƙe layi!"

Ashatu ta ce, "Ejo, don Allah, Baba Saja, tukunyata fa?"

"Soja bai san tukunya ba."

Gaskiya layi ya yi kyau. Mata talatin a rana tsit, Saja na kai da komowa yana duba ƙafafu. Wuta ba ta zo ba sai da sha biyu ta wuce. Ashatu na tsaye tana kallon masu cin abincinta suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har ta goge ido da bakin mayafi. Ni kam ta ba ni tausayi.

Bayan azahar babban kwamanda ya isa rumfar Ashatu, inda ya saba cin na rana, ya naɗe hannun riga.

"Malmala biyu, miyar kuka. Soja ya yi aiki."

Ta ajiye masa kofin ruwa. "Abin da na samo ke nan yau, Baba. A sha lafiya."

Ya leƙa wajen Iya Muhibbat, ya tarar har ta kife tukwane.

Kafin la'asar aka ji usur. Saja ya sanar cewa manufa ta cika, an mayar da mulki ga farar hula, jarkoki su koma bakin aiki. Bai tsawaita jawabin ba, don kukan cikinsa ya fi muryarsa fita.