Ranar da Na Goge Bindigar Kakanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da ruwa ya shiga gidanmu na unguwar Gidan Dare, ya kwana biyu a ɗakin ajiya. A ɗakin akwai tsohuwar bindigar toka ta kakanmu, wadda ya riƙa ratayawa zamanin yana fataucin shanu. An daɗe da daina harba ta. Da mahaifinmu ya rasu, Baffa Ummaru, ƙanensa, ya danƙa mini ita a gaban 'yan'uwa, ya ce amana ce ta babban ɗa.

Da ruwan ya janye na warware buhun da take ciki, na tarar tsatsa ta rufe ƙarfen kamar an barbaɗa jan garin barkono. Ga shi Baffa ya aiko cewa ranar Juma'a zai zo jaje.

Maiɗakina ta ce, "Malam, ka kai wa maƙera. Aikinsu ne."

Na dube ta da tausayi. Ni da na shekara ashirin ina koyar da kimiyya a sakandare, na sha zana yadda tsatsa ke samuwa a kan allo, shi ne zan kai wa maƙeri? (Ban taɓa cire tsatsa ko daga cokali ba, amma wannan bai zo mini a rai ba lokacin.)

Na fara da lemun tsami, na koma samfefa. Ƙarfe ya soma haske, ni kuma na soma alfahari. Kusa da inda ƙarfen ya haɗu da ice sai na ga wasu 'yan tsage-tsage a jere. Nan take na yanke hukunci, irin na masana, cewa cin tsatsa ne. Na aro magagari wurin maƙwabci, na bi su ɗaya bayan ɗaya har wurin ya yi sumul. Yini biyu na yi. Bindiga ta fito tana walƙiya kamar sabon faranti.

Ranar Juma'a bayan Masallaci Baffa ya iso, ƙanena Bello na riƙe da hannunsa, don ganin Baffa ya yi rauni. Bayan gaisuwa da jaje na kawo ta da hannu biyu, ina jiran yabo.

Bai ɗaga ta sama ba. Ya aza ta bisa cinya, babban yatsansa ya nufi wurin nan kai tsaye. Ya shafa, ya koma baya, ya sake shafawa.

"Wagga ba tamu ba ta," in ji shi.

"Ita ce, Baffa. Gyara na yi mata."

"To ina mutanen?"

Ban gane ba. A hankali ya bayyana mini, ba tare da ɗaga murya ba. A gidanmu, duk ɗan da aka haifa, ran suna akan harba bindigar sau ɗaya, a yi tsaga guda a ƙarfen. Ta farko ta mahaifina ce. Akwai tasa. Akwai na 'yan'uwansu uku da suka rasu tun suna goye, waɗanda babu hotonsu, babu takardarsu, kabarinsu ma ya ɓace. Yatsan Baffa kaɗai ya san jerinsu.

"Ta tara ita ta taka," ya ce. "Ni na yi ta da hannuna. Kai ma ka goge kanka, Malam."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar. Na so ƙasa ta tsage. Maiɗakina da ke bakin ƙofa da kwanon fura ta juya a hankali, kuma har yau ba ta tayar da zancen ba.

Baffa ya yi addu'a ga mamatan, ya kira su da sunayensu, muka shafa. Sannan ya naɗe bindigar a cikin mayafinsa ya miƙa wa Bello, wanda karatunsa bai wuce firamare ba.

Har yanzu ina koyar da darasin tsatsa, kuma yara na cin jarrabawa. Sai dai duk abin da na tarar a gidanmu ban san ma'anarsa ba, na koyi in tambayi tsoho kafin in tambayi kaina.