Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina a Lasifika

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min komai, da ranar da na tsaya gaban mutanen ƙasashe daban-daban na aikata abin da uwata ba ta yi ba, kakata ma ba ta yi ba. Ni ban yi boko ba. Matar ɗana ce ke rubutawa ina faɗa mata, tana ta danne dariya.

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne. Bara ya rasu, kuma har yau in na jiyo kukan jirgi daga ɗakina a Fagge sai hawaye ya zubo min, ba na ɓoye wa kowa. 'Yarmu ta fari ita ce sanyin idonsa. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, sai kunya biyu ta hau kaina: ga ta 'yar fari, ga sunan surukata. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabonta gaban mutane ba. "Ke" nake ce mata, in ba ta nan in ce "yarinyar nan" (yarinyar da yanzu furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta). Malam yakan tsokane ni ya ce, "Wata rana sai kin kira sunan nan da bakinki, ina zaune ina ji." Ni kuma in ce, "Za ka gaji da zama kuwa."

To, yarinyar nan ta zama babba a wata ma'aikatar gwamnati. Aka ɗauke ta wani kwas na koyon shugabanci tare da ma'aikatan gwamnatocin Nijar da Benin da Kamaru da Chadi, a wani otal a Sabon Gari. Yadda ta bayyana min, iyaka ɗaya ta haɗa mu, kasuwa ɗaya, cuta ma in ta ɓulla ba ta tsayawa a bakin iyaka, amma manyan ofisoshin ba su san juna ba. In an gama kwas ɗin za su kafa ƙungiya su zaɓi shugaba, kuma tana cikin masu takara. Sai ta ce cikin darasin har da ziyartar gidajen juna, kuma gidanmu aka zaɓa.

Murna kamar in taka rawa. Na shiga Kantin Kwari da kaina na zaɓo atamfofi na tsaraba. Na yi waina da miyar taushe, na yi dambun nama, na haɗa zoɓo da citta. Duk wadda ta wuce ƙofar gida sai na ce mata, "Ba komai ba ne, wasu baƙi ne daga ƙasashen waje." Ko ba ta tambaya ba.

Bayan la'asar suka iso, tsakar gida ta cika. Akwai wata Madam Selestin daga Kwatano, mace ƙatuwa mai fara'a, tana shigowa ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Akwai Malam Isufu mutumin Damagaram, shi ma ɗan takara ne, shi ya yi mana tafinta don ya iya Faransanci. Ana ci ana santi, sai Madam ta riƙo hannuna ta yi magana. Malam Isufu ya ce, "Inna, ta ce ki ba su labarin 'yarki. In sun zaɓe ta, za ta iya riƙe su?"

Zuciyata ta cika fal da alfahari, saboda haka na kau da kai na ce, "Wa? Wannan? Ni ban ga abin da kuka gani ba. Ko tuwo ta tuƙa sai an zauna tsince gudaji."

Duk macen Fagge da ta ji wannan ta san yabo ne. Malam Isufu ya sunkuyo ya ce, "Inna, in faɗa musu haka?"

Na ce, "Faɗa mana. Ƙarya na yi?"

Ya faɗa. Madam ta ajiye wainar da ke hannunta. Ta sake tambaya, me nake kiranta a gida. Na ce ba na kiranta. Ta ce to mene ne sunan da aka raɗa mata. Na ce su tambayi wanda ya raɗa, ya rasu. Ina ambaton Malam kuwa sai kuka ya ƙwace min. Ku duba abin da baƙin nan suka gani: uwa ta ƙi kallon 'yarta, ta ƙi faɗin sunanta, aka matsa mata ta fashe da kuka. Malam Isufu ya soma yi musu bayani ke nan direban motarsu ya dame su da danna oda, suka karɓi atamfofi suka fita jiki a sanyaye.

Da yarinyar nan ta dawo daga rakiya ta ce, "Inna, Madam ta ja ni gefe ta tambayi laifin da na yi miki. Ta ce a garinsu wanda uwarsa ta ƙi ambaton sunansa ko akuya ba a ba shi riƙo."

Na ce, "Ba ki gaya mata al'ada ba ce?"

"Na gaya mata. Ta ce kare ki nake yi." Ta yi murmushi, amma idonta ya yi ja. "Gobe ne zaɓen."

Washegari na kasa zaune na kasa tsaye. Abin da Malam ya yi ta addu'a a kai, ni zan rushe shi da bakina? Na yafa mayafina mai kyau, na ja maƙwabciyata Hajiya Tabawa ta raka ni (babban kuskurena ke nan, don Tabawa rediyo ce mai ƙafa). Muka hau adaidaita sahu, cunkoson Kwari ya riƙe mu har aka kira azahar.

Muna shiga zauren taron na ga Malam Isufu tsaye da lasifika a hannu, ana ta yi masa tafi. Na ce a raina shi ke nan, yana gab da kwashewa. Ban san lokacin da ƙafafuna masu ciwon sanyi suka kai ni gaba ba. Na karɓe lasifikar daga hannunsa na ce, "Malam Isufu, ka juya musu, kada ka rage ko kalma."

"Inna, tsaya ki ji..."

"Ba zan tsaya ba. Jama'a, waccan da ke zaune 'yata ce, ni na haife ta. Sunanta Hadizatu!"

(Matar ɗana ta ce wai in maimaita don ta rubuta daidai. Ƙarya take, ta ji.)

Sunan ya fito ta kowace kusurwa ta zauren, ya dawo ya doki kunnena. Da ma a nan na tsaya. Ina! Bakin da aka ɗaure shekara da shekaru ya kwance. Na ba su labarin yadda tun tana ƙarama take shirya layin famfo a unguwa, Bayarabiya da Banufiya da Bahaushiya kowa ta bi layi ba faɗa. Na faɗi yadda ta yi jinyar mahaifinta ba ta taɓa ɓata fuska ba. Na wuce nan na faɗa musu ta yi fitsarin kwance har ta shiga firamare amma da ta ƙudura ta daina sai ta daina, wannan ita ce shugaba. Na ce maganar gudaji gaskiya ce, amma ai ba tuwo za ta tuƙa musu ba. Malam Isufu yana juyawa yana share hawayen dariya. Na rufe da guɗa.

Sai ya ce, a hankali, amma lasifikar tana kusa da bakinsa, "Inna, ai tun da hantsi aka yi zaɓe. Ita ta ci. Barka nake yi mata kika shigo."

Ashe da safe yarinyar nan ta tsaya ta bayyana musu kunyar 'yar fari, sannan ta ce kowa ya tashi ya faɗi wata al'adar garinsu da baƙo zai yi wa mummunar fahimta. Suka yi ta faɗa suna dariya, Madam ta ba ta haƙuri, suka ce wadda ta iya mai da abin kunyarta darasi ita suke so. Ni kuwa ga ni tsaye da lasifika, na sayar da kunyata a kasuwar da ta riga ta watse. Yarinyar nan ta rufe fuska da mayafi. Madam ta sake ɗaga ni sama. Tabawa tana gefe da waya a hannu, ta ɗauki komai.

Kafin magariba Fagge ta gama gani. Har yau in na je suna ko biki sai wata ta ce, "Hajiya, wa ma ya kawo ki a mota? Sunan ya ɓace min."

A hanyar gida muna cikin motar yarinyar nan ta ce, "Da Baba yana nan." Na yi kuka sosai. Ya ci gardamar, amma ba ya zaune balle ya ji.

Abin da na koya shi ne, in baƙo ya zo daga wata ƙasa, a fara ba shi labarin al'ada kafin a ba shi waina. Kuma kafin ka ƙwace lasifika, ka tambayi na kusa ko an riga an yi zaɓe. Yanzu in ta je Yamai ko Kwatano wajen taronsu takan bugo waya ta ce, "Inna, kin san mai magana?" Ni kuma in ce, "Na sani. Ke ce."