Ranar da Takalman Baƙi Suka Bi Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar gwajina a gidan tarihin nan ba, ko da yake ina tsoron wasu abubuwan sun cuɗe mini a ka. Ina jin Asabar ce (wataƙila kuma Lahadi), amma da damina ne, wannan kam na tabbata.

Na gama karatun tarihi a jami'a, na daɗe ina zaman shagon atamfar Baba a unguwar Nkembo ta Libreville, sai na ji ana neman mai zagayawa da baƙi a wani tsohon gidan katako na zamanin Turawa, mai faffaɗan lambu. Madam, shugabar wurin, ta ce in zaga da wasu baƙi tana kallo; in ta gamsu, aikin nawa ne. Na haddace komai, har sunan icen matakala. Ranar na kasa karyawa, na yi ta kai-komo a gindin mangwaro ina maimaita jawabina.

Kuskurena na farko gaya wa Inna. Sai ga ta a taksi, ta sha ado, ta zo ganin ɗanta a bakin aiki.

Da muka isa matakalar baranda, Inna ta yi sallama, ta tuɓe takalmanta a ƙasa kamar yadda take yi a ƙofar kowa. Na raɗa mata, "Inna, nan ba a cirewa."

"Gidan mutane ne ko ba gidan mutane ba? Kai ma cire, kar ka ba ni kunya."

Na cire. Wani dattijon Bature ya tambaye ni da Faransanci ko doka ce. Amsar a'a ce. Amma ga Inna a gefena, ga Madam a bayana, ni kuma tun ina yaro ban iya yanke magana ba. Na ce, "Ba lallai ba ne... amma wataƙila zai fi." Kowa ya sunkuya. Har Madam, bayan ta yi mini wani irin kallo, ta zare nata masu tsini.

Jawabina ya tafi daidai, ina jin. Muna ɗakin sama ina bayanin gadon maigidan, sai ruwa ya kece, irin na Libreville da ba ya sallama. Na leƙa ta taga, na hango takalmin Inna yana bin lambatu, sauran na biye da shi kamar 'yan makaranta.

Ban san sanda na bar baƙin ba. Na ratsa lambun a guje, safa kawai a ƙafata, na zame a taɓo, na tashi, ina cafkar abin da na cimma. Na dawo rungume da takalma, baƙi sun jeru a baranda suna ɗaukar hotona. Inna ta ce, "Sannu, ɗan nan. Ina ɗayan nawa?" An samo nata a cikin furanni. Ɗayan na Madam kuwa, ina kyautata zaton ya kai teku.

Madam ta tsaya ƙafa ba takalmi, ta ce a hankali, "Tarihi kam ka sani. Amma in baƙo ya tambaye ka, ka ce masa e ko a'a." Wani aka ba aikin.

Daga ranar na gane "wataƙila" ma amsa ce, kuma bin ta ake yi. Yanzu a shago in an tambaye ni ko atamfa tana zuba, "a'a" nake cewa kai tsaye (yawanci).

Duk wanda yake wurin, in ya ga na kuskure wani abu, don Allah ya aiko mini da gyara. Ban da Inna. Ita har gobe cewa take ruwan ne ba shi da tarbiyya.