Ta'aziyya a Gaban Tabulo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shigar da Baba Idi aji. Lokacin ban daɗe da komawa lakwal, makarantar da nake koyarwa, ba bayan rasuwar mahaifiyata, kuma na yi wa kaina alkawari ɗalibaina ba za su ga hawayena ba.

Darasin makon shi ne yadda ake hira da mutum a rubuta labarinsa. Na cika tabulo, wato allon aji, da dokoki: a taƙaita gaisuwa, a shiga tambaya kai tsaye, mai tambaya ya bar zuciyarsa a gida. (Ta ƙarshen nan har layi na ja mata.) Don su gani da ido, na aika a gayyato Baba Idi, tsohon maƙwabcinmu a Tsauni, wanda dawowarsa ke nan daga ci-rani a Kano. Sam na sha'afa cewa ba ya gari aka yi rasuwar.

Ya zauna, na gyara murya.

"Baba, yaushe ka fara zuwa ci-rani?"

Ya dube ni. "Malam, ya haƙuri?"

"Da godiya, Baba. To, yaushe..."

"Kai, tsaya. Ban yi maka gaisuwar Hajiya ba, ka ce in ba ka labarin Kano? Yara, ku ɗaga hannu."

Suka ajiye bik ɗin da suke rubutu da shi, aka yi addu'a, aka shafa. Daga nan hira ta juya, shi ya koma mai tambaya. Ta daɗe tana jinya? Wa ke kusa da ita? Ta bar wata magana? In ya yi tambaya sai ya jira amsa. Ni da ban faɗa wa kowa ba, sai ga ni ina cewa furar da na kai mata ba ta sha ba, ta ce in ajiye sai an jima. Muryata ta karye. Na juya wai zan goge tabulo, na share ido da tsumman alli, na juyo fuska fari fat. Ba wanda ya yi dariya (da sun yi, da ya fi mini sauƙi).

Washegari suka kawo aikinsu. Ba wanda ya ambaci Kano, duk labarin Hajiya suka rubuta, kuma ya yi kyau. Wata ɗaliba, Rabi, ta ɗaga hannu: "Malam, shi Baba a wace lakwal ya koyo?"

Har yau ina koyar da darasin. Dokar nan mai layi dai na goge ta. Kuma duk baƙon da zan gayyata, ni nake fara zuwa gidansa mu gaisa, in akwai kuka mu yi shi a zaure.